Zama a Sabon Garin Kano: Yadda Za Ka Tsare Kanka a Unguwar da Ba Ta Barci

Duk wanda ya ji ka kama haya a Sabon Gari, tambayarsa ɗaya ce: ba ka tsoro? Na sha wannan tambaya a shekara shidan da na yi a wani tsohon bene da ke cikin layukan bayan France Road. Yawancin masu yin ta ba su taɓa kwana a unguwar ba. Abin da suka sani shi ne nan otal-otal da mashaya da gidajen rawa suka taru, nan kiɗa ke tashi lokacin da sauran gari ke sa sakata. Haka ne kuwa. Amma a nan ɗin ne teloli da masu kayan gyaran mota da ma'aikatan jinya da 'yan kasuwar Abubakar Rimi ke renon 'ya'yansu, su kai su makaranta da safe kamar kowa.

Unguwar ta baƙi ce tun asali. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka wa ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi wannan wuri a wajen ganuwa, shi ya sa har yau za ka ga titi mai suna Gold Coast, wani Freetown, wani Enugu, wani Abeokuta. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, harkar dare ta ƙara tattaruwa a nan. Inda kuɗi da maye da duhu suka haɗu, masu neman na banza ba sa nisa.

Abin da zama ya koya mini shi ne, ba a tsakiyar hayaniya aka fi cutar mutum ba. An fi cutar sa a gefenta, inda hasken shaguna ya ƙare, da kuma sa'ar da aka tashi kowa ya watse. Wanda aka fi cuta kuma shi ne wanda babu mai saninsa a layin. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suka doru, kuma za su yi wa mazaunin kowace unguwa mai irin wannan hali amfani, ko a Kaduna take, ko Jos, ko Maraɗi.

Mataki na farko: ka ga gidan da dare kafin ka biya

Dillali da rana yake kai mutum ganin ɗaki, lokacin da layi ke cike da 'yan makaranta da masu talla. Wannan ganin bai isa ba. Ka koma kai kaɗai, ko da abokinka, aƙalla sau biyu: daren Asabar wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da wani daren tsakiyar mako. In da hali ka ƙara da asuba.

Ka tsaya a bakin titi inda ɗan sahu zai riƙa sauke ka, ka taka a ƙasa har ƙofar gidan, kana lura. Taku nawa ne? A ina haske ya yanke? Akwai kango, ko mota da ta daɗe a fake, ko rumfar da aka bari babu kowa? Wa ke zaune a hanya, kuma sana'a yake yi ko zaman kawai? Mai shayi da mai tsire da mai kemis da ke kaiwa dare alheri ne a layi. Gungun samari a inda babu fitila, ana miƙa wa juna abu a tafin hannu, wannan wata magana ce daban.

Gidan da yake jingine da mashaya zai hana ka barci, kuma duk faɗan da aka fara a ciki a ƙofarka zai ƙare. Wanda ke can ƙuryar layi, shiru kamar maƙabarta, zai sa ka yi tafiya mai tsawo cikin duhu kullum. Na tsakiya nake ba da shawara: inda kana jiyo kiɗa daga nesa, amma akwai mai sana'a ɗaya ko biyu da ke hango ƙofarka.

Sannan ka tambayi wanda ba shi da riba a cikin hayar. Mai wanki da guga, ko matar da ke suyar ƙosai a bakin layi, za su gaya maka ko an taɓa fasa gidan, da ƙarfe nawa ake rufe get, da ko masu ɗakunan iyalai ne ko masu kwana ɗaya su wuce. Gidan da ake ba da ɗakunansa na awa-awa, ko da ɗaki biyu ne a ciki, ka haƙura da shi. Ba za ka taɓa sanin fuskar da ta kamata ka gani a matattakala ba.

Mataki na biyu: ƙofa, taga da janareta

Ranar da ka karɓi makulli ka canja kwaɗo da kan makullin ƙofa. Ba ka san hannu nawa tsohon ya bi ba. Ka sa sakata mai kauri ta ciki, sama da ƙasa, ka duba katakon da ƙofar ke maƙale a jiki, don sau da yawa ba kwaɗon ake karyawa ba, katakon da gara ta cinye ake ɓalle wa. Ƙwan fitila mai caji ko na sola a saman ƙofa da kan matattakala kuɗinsa kaɗan ne. In masu gidan sun ƙi haɗa kuɗi, ka saya da kanka.

Get ɗin gidan haya shi ne matsalar da ba ta ƙarewa. Kowa na da makulli, kowa na da baƙo, wani ya dawo ƙarfe biyu ya bar shi a buɗe. Ku zauna da sauran 'yan haya ku tsayar da lokacin rufewa, ku kuma yarda cewa duk wanda makullinsa ya ɓata zai faɗa a canja kwaɗo a raba kuɗin, ba tare da gori ba. In ana gori, mutum ɓoyewa zai yi.

Abu biyu ne ake mantawa saboda hankali ya tafi kan ɓarawo. Na ɗaya gobara. Gine-ginen unguwar tsofaffi ne, wayoyin wuta sun sha ƙari a kan ƙari, kuma waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 sun san yadda wuta ke gudu cikin dare. Ƙarafan da aka sa wa taga don ɓarawo su ne ke tsare mutum a ɗaki in hayaƙi ya taso ta ƙofa. Ka sa mai walda ya yi wa taga ɗaya ƙarfen da ke buɗewa ta ciki, makullinsa a rataye a ƙusa ɗaya da kowa a ɗakin ya sani, har yara. Na biyu janareta. Tsoron sata na sa mutane su shigo da shi baranda ko lungun ɗaki su rufe. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari, barci take sa mutum ya zarce. A ɗaure shi da sarƙa a waje, nesa da taga.

Mataki na uku: ka san agogon unguwa

Dare ba ɗaya ba ne. Daga magariba zuwa wajen goma, titi cike yake, abin da za ka kiyaya shi ne yankan aljihu da fizgen waya a cunkoso. Daga goma zuwa ɗaya, iyalai sun shige, masu shaguna sun rufe, saura masu nishaɗi da masu yi musu hidima. Manyan tituna na da haske, layukan ciki sun yi duhu. Daga ɗaya zuwa uku ake tashi, kuma a nan ne maye ya kai inda zai kai, rigimar kuɗi da ta mata ke fashewa, direban da bai kamata ya riƙe sitiyari ba ya tayar da mota. Sa'ar da na fi shakka kuwa ita ce daga uku zuwa kiran assalatu. Janaretocin otal sun mutu, mai shayi ya kife tukunya, mai gadi ya gyangyaɗa. Mai sammakon tasha da jaka a kafaɗa, da mai fita masallaci yana haska hanya da fitilar waya, su ake jira.

Agogon na sauyawa da lokacin shekara. A watan Disamba da ranakun sallah kuɗi na yawo, baƙi sun cika gari. Daren da manyan kulob-kulob na Ingila ko Sifaniya suka kara, gidajen kallon ƙwallo kan sako ɗaruruwan samari lokaci guda, rabinsu ransu a ɓace. Da hunturu titi kan mutu da wuri. Da damina ruwa kan rufe bakin kwalbati, mutum ya zurma har gwiwa. Lokacin zaɓe kuma, in ba dole ba, ka yi isha'i a gida.

Mataki na huɗu: mutanen dare su san ka

Wannan ne matakin da ya fi kowane kwaɗo, kuma shi aka fi rainawa. A kowane layi akwai mutanen da idonsu biyu lokacin da kake barci: mai shayi, mai gadin otal, mai tsire, mai POS, 'yan sintiri. Sun san wanda ke zaune a layin da wanda ya zo leƙe. Sun san babur ɗin da ya zagaya sau uku.

A watana na farko ina wuce teburin mai shayin bakin layinmu da sallama kawai. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin a wurin. Wani dare ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka zauna. Kai ne sabon ɗan hayar benen can?" Na ce ni ne, Baba. Ya zuba mini shayi, yana fifita gawayi ya ce, "In ka dawo ka tarar na kashe fitilar nan, kar ka bi ta lungun bayan kemis. Ka zagaya ta babban titi ko da ya fi nisa. In kuma ka ga ban amsa sallamarka da ƙarfi ba, to akwai wanda ban yarda da shi ba a kan bencin, ka wuce kawai." Shekara shida ina aiki da maganar nan.

Yadda ake samun irin wannan ba wuya. Ka riƙa sayayya a layinku ko da ta fi tsada da 'yar naira kaɗan. Ka gaida mutum da sunansa, ka tambayi iyali. Ka biya kuɗin sintiri a kan lokaci, ka halarci taron 'yan layi ko sau ɗaya ne a wata uku. Ka je ka gabatar da kanka wurin mai unguwa ko shugaban masu gidaje. Kar kuma ka tsaya ga masu yarenka ko addininka kaɗai. Maƙwabciyata ta ƙasa Inyamura ce mai sayar da abinci, ba ta rufewa sai sha biyu, kuma ita ce ta taɓa hana wasu mutum biyu hawa sama da suka ce wai ni na aiko su ɗaukar talabijin. Ta ce musu su kira ni a gabanta. Suka juya.

Sai dai sabo da mutane daban, buɗe musu cikinka daban. Kowa ya san fuskarka da ɗakinka. Ba kowa ne zai san ranar da ake biyanka albashi ba, ko cewa za ka yi tafiyar mako biyu, ko cinikin da ka kwana da shi. In za ka yi tafiya, mutum ɗaya ka gaya wa.

Samarin da ke zaman banza a lungu fa? Ka yi musu sallama, ka wuce da takunka na kullum. Kar ka wulaƙanta su, kar ka zauna da su, kar ka saba musu da kyautar kuɗi, don ranar da ba ka bayar ba ta zama laifi.

Mataki na biyar: dawowa gida

Tun watan Janairu 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, a watan Yuli 2022 kuma gwamnatin jiha ta sanar da hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda laifukan da ake aikatawa da su. Don haka wanda aikinsa ke kai shi dare, tun da rana zai shirya abin hawansa. Ka sami direba ɗaya ko biyu da ka san gidansu ko tasharsu, ka riƙe lambarsu, ku yi ciniki na wata in ya yiwu.

In dole ta sa ka tari wanda ba ka sani ba, ka dubi lambar da ke rubuce a jikin abin hawan, ka kira wani a gida ka faɗe ta da ƙarfi direban na ji. Ka lura da waɗanda ke ciki. Maza biyu a baya da suka matsa maka ka shiga tsakiya, ga wani a gefen direba, wannan ka ce Allah ya kiyaye hanya, ka jira na gaba. In direba ya saki hanyar da ka sani ya ce zai yanke, ka ce ya tsaya a wurin mutane na farko da ka gani, ka biya shi ka sauka.

A ƙasa kuma, ka bi inda haske yake ko da zagaye ne. Ka fuskanci motocin da ke tahowa, don kar babur ya zo maka ta baya. Jaka ta kasance ta ɓangaren bango. Kunne a buɗe, ba abin jin kiɗa. Makulli ya kasance a hannunka tun daga bakin layi, saboda tsayuwa a ƙofa ana lalube a aljihu ita ce damar da ake jira. In ka ji ana bin ka, kar ka nufi gida ka nuna masa ƙofarka, kar kuma ka shige lungu. Ka tsallaka titi. In ya tsallako, ka nufi teburin mai shayi ko get ɗin otal mai gadi, ka zauna, ka kira a zo a tafi da kai.

Mai mota ya sa ido a madubi kafin ya tsaya buɗe get. In akwai wanda ya biyo shi tun daga titi, ya wuce ya sake zagayowa.

Mataki na shida: waya, tun kafin a ƙwace ta

Ƙwacen waya ya yi ƙamari a Kano har a 2023 majalisar tsaron jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. An rasa rayuka a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ni ma an karɓi tawa, a shekarata ta uku, taku kaɗan daga get ɗinmu. Kira ya shigo, na ciro ta, hasken fuskarta ya haska ni a cikin duhu. Mutum biyu ne, ɗaya ya ɗora mini wuƙa a gefen ciki. Na miƙa. Abin da ya fi wayar ciwo ya zo kafin gari ya waye, domin sun cire layin sun sa a wata waya, suka taɓa kuɗin da ke asusuna. Maso abinka ya fi ka dabara.

Saboda haka a daren yau, kafin ka kwanta, ka yi waɗannan. Ka sa wa layinka lambar sirri, wato PIN na kan SIM ɗin kansa, ba na buɗe waya ba. Yana cikin saitin tsaro na wayar. In an cire layin an sa a wata waya sai ya nemi lambar, in aka yi kuskure sau uku ya kulle. Ka fara neman lambar PUK ta layin ka adana, don ita ke buɗe shi in kai ne ka yi kuskuren. Da layi a buɗe, ɓarawo na iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, saƙon banki kuma hannunsa zai riƙa shiga.

Ka danna *#06# ka kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, a takarda, ka haɗa da rasit ɗin wayar. Ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka haddace ta ko ka rubuta a takardar da ba ta tare da wayar. Ka goge hoton katin ATM da duk lambar sirrin da ka ajiye a cikin saƙonni. Ka kunna manhajar nemo waya da goge ta daga nesa. In kana da hali, babbar waya ta kwana a gida ko can cikin jaka, ƙaramar mai tocila ta zama ta fita dare, kuma layin banki kar ya zauna a cikinta.

In an ƙwace, ga jerin abin yi, kuma a daren za a fara, ba da safe ba: ka ari waya ka rufe asusun banki, ka kira kamfanin layi su toshe shi, ka sanar da 'yan uwa kar wanda ya tura kuɗi in an roƙe shi da sunanka. Da safe ka kai rahoto ofishin 'yan sanda da lambar IMEI, sannan ka tafi da NIN ɗinka a dawo maka da layi. Kar kuma ka sayi wayar hannu da ba rasit don ta yi araha. Kasuwar da ke sa a soki mutane ke nan, kuma in aka bi sawu a hannunka za a same ta.

Mataki na bakwai: in an tare ka, ko rikici ya tashi

Ka ba su. Ban san yadda zan ƙara nanata wannan ba. Yaron da ya tare ka da wuƙa ko ɗan bida sau da yawa a cikin ƙwaya yake, hannunsa na rawa, tsoronsa ya fi naka. Hannuwanka su kasance inda yake gani, ka faɗi abin da za ka yi kafin ka sa hannu a aljihu, kar ka ƙura masa ido, kar ka ce ka gane shi ko da ka gane shi. In ya tafi kar ka bi shi. Wuri ɗaya ne nake cewa a yi ihu a yi turjiya iya ƙarfi: in ana son tura ka cikin mota ko a ja ka wani wuri. Abin da za a yi maka a inda ba kowa ya fi wanda za a yi a titi muni.

Riƙe wuƙa don kare kai ba dabara ba ce. Ko a karɓe ta a yi amfani da ita a kanka, ko a kama ka da ita a samame ka rasa bakin bayani.

Faɗan mashaya ba a rabonsa. Kwalba ba ta tambayar wanda ya fara. Ka ja baya, ka kira mai gadi ko 'yan sintiri, ko ka buga 112. In ka ji ana ihun ɓarawo, kar ka shiga cikin masu duka. An sha kashe wanda bai ji ba bai gani ba a irin wannan, kuma wanda aka gani a wurin shi ake kamawa da safe. Haka in ka ji ƙara mai ƙarfi. Mazauna unguwar ba su manta da bam ɗin tashar New Road na 18 ga Maris 2013 ba, da wanda ya tashi a wajen Gold Coast a watan Mayu 2014. Ƙafa kan so ta ruga kallo. Ka juya ta ta yi nesa da wurin, ka bar wa masu ceto hanya.

Mataki na takwas: in ke ce, ko in kana da iyali

'Yar'uwa, ke da kike dawowa daga aikin dare a asibiti ko gidan abinci, kin riga kin san cewa a irin wannan unguwa wasu mazan kan ɗauka duk macen da suka gani bayan isha'i ta fito neman wani abu ne. Laifin nasu ne, ba naki ba. Duk da haka ki sa mai ɗauko ki ya kai ki har get, ya tsaya da fitila a kunne sai kin shige. Motar da ta rage gudu a gefenki ana miki magana, kar ki matsa kusa ko don ki ba da amsa, ki juya ki bi inda ta fito, domin kafin ta yi kwana kin isa wurin mutane. Mai gyaran wuta ko famfo ya zo da rana, ƙofa a buɗe, maƙwabciya na kusa. A wurin biki ko cin abinci, lemon da ba a gabanki aka buɗe ba, ko wanda kika tashi kika bari, ki ƙyale shi. Wannan ya shafi maza ma. In kin ji jiri ko barcin da ba ki san dalilinsa ba, ki gaya wa wadda kika zo da ita nan take, kar ki fita waje ke kaɗai shan iska.

In mummunan abu ya faru, wato fyaɗe, a je asibiti da gaggawa, kafin wanka in an iya daurewa. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. A Asibitin Murtala akwai cibiyar Waraka da aka keɓe domin waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Yara kuwa, aiken dare ya tsaya daga magariba. Kar a aiki yaro cikin otal ko mashaya kai saƙo ko karɓo canji, ko da mai wurin sananne ne. Yaro ya haddace lambar waya ɗaya, ya kuma san shago biyu a layin da zai iya shiga in ya tsorata. Baƙon da zai zo maka da dare, ka fita ka tarye shi a bakin titi, kar ka bar shi yana yawo da waya a kunne yana neman lambar gida.

Mataki na tara: samame

'Yan sanda da Hisbah da jami'an NDLEA duk suna kai samame a irin waɗannan wurare, kuma in an zo kwasa ba a cika tsayawa tantancewa a titi ba. Ka riƙa yawo da katin shaida, da na wurin aiki in kana da shi. Kar ka gudu, kar ka ɗaga murya, kar ka karɓi ajiyar ƙullin kowa ko na minti ɗaya ne. In an tafi da kai, ka nemi a bar ka ka sanar da 'yan uwa ko lauya, ka gaya musu ofishin da kake, kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Beli kyauta ne a doka, kuma sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa. A nan ma sanin mutane ke aiki: mai unguwa ko shugaban layi da zai zo ya ce ya san ka, ya san sana'arka, ya kan taƙaita zance.

Mataki na goma: in jini ya zuba

Wanda aka sara ko aka soka, jini ne ke kashe shi kafin a isa asibiti. Ka sami tsumma mai tsabta, ko rigarka, ka danne wurin da ƙarfi, kar ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe ka ɗora wani a kai. In wuƙar na jiki kar a zare ta, a tallafe ta da tsumma ta gefe da gefe. Kar a zuba ƙasa ko toka ko fetur. A kwantar da shi, a lulluɓe shi, kar a ba shi ruwa ko abinci don mai yiwuwa tiyata za a yi. Kar a tsaya a kemis, a wuce sashen gaggawa na Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko na Malam Aminu Kano.

Mutane kan ji tsoron ɗaukar mai rauni saboda kar a riƙe su, ko a ce sai an kawo takardar 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce kar a muzguna wa wanda ya kawo shi. Ku tafi ku biyu ko uku daga layin, ɗaya ya ci gaba da danne raunin a cikin mota, ɗaya ya kira 'yan uwansa su same ku a can da kuɗin magani da wanda zai iya ba da jini.